Motar da Garzali Ya Sayo a Ingila

Motar baƙa ce wuluk. Abin da Babakura ya fara gani ke nan da ya karyo kwanar unguwar Hausari, sai ya ja ya tsaya.

Tana tsaye ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Garzali, lakar hanyar Potiskum ta bushe a tayoyinta, yara sun yanyame ta. Ta sha tafiya. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko, jirgin ƙasa ya kai ta Jos, daga nan wani direba mai suna Wilson ya tuƙo ta, ya iso Yerwa da hantsin nan.

Tun suna 'yan makarantar Midil, Babakura da Garzali kan raɓe a bakin Dandal, babban titin ƙofar fada, su kalli shuɗiyar motar Razdan tana wucewa. A nan suka yi wa juna rantsuwa: duk wanda ya riga yin mota, shuɗiya zai saya, kuma da hannunsa zai tuƙa ɗan'uwansa su ratsa Dandal.

Babakura ya tsaya a akawun ofishin gandun daji. Garzali aka tura kwas Ingila, shi da matarsa Lauratu, domin in ya dawo ya gaji kujerar Baturen da zai tafi idan an sami mulkin kai. Bai daɗe da sauka can ba ya je kamfani ya zaɓi mota a littafin hotuna. Daga masana'anta aka wuce da ita jirgi, ba ta bi ta hannunsa ba.

Amma Garzalin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba. Baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa, ko a inuwa. In zai fita sai Lauratu ta saƙala hannu a nasa, irin na Turawa, gari ya ɗauka. Ya daina zuwa majalisa. Ranar da ya sauka, Babakura ya miƙa masa hannu a gaban jama'a, hannun ya daɗe a sama ba a karɓa ba. A ofis kuwa sai ya kishingiɗa ya ce, "Karanto mini," kamar wani Di'o. Babakura ya karanta, ya haɗiye fushinsa.

Yau ya zo ne da magana ɗaya a ransa. Ko a cika alkawari, ko abota ta ƙare a nan.

Garzali na tsaye bakin zaure, Lauratu a gefensa. Maƙwabta sun cika wurin, har da 'yan ofis, waɗanda duk abin da suka gani gobe yana kunnen Bature. Kujerar kuwa ba a tabbatar wa kowa ba tukuna.

"Wushe, Bakano," in ji Babakura, yana gaishe shi da Barbarci. "Ashe dokin naka ya iso."

Fuskar Garzali ta juyo nan take. "Babarbare! Tun ɗazu nake jiran in ji muryarka."

"To ga ni. Dandal na jiranmu."

Lauratu ta yi caraf ta ce, "Wilson na nan, Malam Babakura. Bari ya zaga da ku."

"A'a, uwargida. Direba ai sai Turawa. Ni da mai gidanki muka yi magana tun ba a san za a haife ki ba." Ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji. "Mutumin da ke tuƙa jif ɗin ofis har Damboa! Ko Ingila ta cinye hannun ne? Ko dai akwai abin da ya hana?"

Aka yi dariya, sannan dariyar ta mutu. 'Yan ofis suka zuba ido.

Garzali ya zare hannun matarsa daga nasa a hankali. Ta ce, "Malam, don Allah," can ƙasa-ƙasa. Ya tako har ya taɓa motar, ya shafa ta tun daga hanci har ƙofa, kamar mai tayin doki a kasuwa. Ya buɗe, ya zauna bayan sitiyari.

Babakura ya zauna gefensa. Ƙamshin sabuwar fata ya cika masa hanci. Ta gilashi ya hango Lauratu ta faɗa tsakiyar hanya tana korar yara da hannu bibbiyu, mayafinta ya zame ƙasa ba ta ko waiwaye shi ba. Ya taɓe baki. Abin da Ingila ke mayar da mace ke nan.

Injin ya tashi. Motar ta zabura, ta yi turjiya, ta miƙe. Yara suka bi ta da ihu, waɗansu suna tsere a gabanta. Can gaba lungun ya buɗe zuwa Dandal, cike da masu talla da jakuna da 'yan keke.

Gumi na gangarowa daga ƙarƙashin tabarau ɗin Garzali. Ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito, amma yana murmushi, irin murmushinsa na makaranta. Tayar hagu ta hau gefen kwata ta sauko. Wata mai tallar nono ta yi tsalle, ƙwaryarta ta tarwatse.

"Ka gani?" in ji Garzali, yana haki. "Ban manta ba."

Babakura ya kawar da kai. Zuciyarsa ba ta huce ba. "Rabin alkawari dai ka cika."

"Wane irin rabi? Ga ni ina tuƙa ka. Launi kuwa ni da bakina na faɗa musu, na sa yatsa a kan hoton, irin ta Razdan sak."

Motar na ƙara gudu, Dandal na matsowa. Murmushin Garzali ya gushe. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Babakura... ba shuɗiya ba ce?"