Sunan da Aka Rufe a Bangon Kanti

Saura ƙiris motar Cedric ta kife a hanyar jeji, lokacin da ya kauce wa wani kangaru, dabbar dajin nan mai tsalle. Ta yi tangal-tangal, ta daki surin gara, ta tsaya. Da hankalinsa ya dawo, bai ko duba jikinsa ba. Jan keken yara da ya ɗaure a baya ya fara dubawa, ko ƙwarzane babu.

Shekara takwas rabonsa da garinsu. Ya fita da jita ɗaya a kafaɗa, ya bar matarsa Valda da cikin wata shida, yanzu kuwa har Sydney ake rawa da waƙoƙinsa. Maganarsu ta ƙarshe a waya ce. "Namiji na haifa," ta ce. "Ba za ka ji sunansa ba, kuma ko kare na samu ba zan sa masa naka ba." Ta kashe. Abu ɗaya ya kawo shi yau: ya ga yaron, ya ji ya ce masa baba, ko sau ɗaya ne.

A inuwar kantin gari ya tarar da mata suna shan shayi, hira ta yi daɗi.

"Mawaƙi in ya yi kuɗi, muryarsa ce ke fara lalacewa," in ji wata.

"Ke dai bari. Wancan na talabijin mata uku ya saki a shekara biyu."

"Ni a ba ni shi haka nan, in yi kukana a mota mai sanyi!"

Suka kwashe da dariya. Suna ganinsa dariyar ta mutu. Goggo Maisie, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi a baya, ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofi. Ya gaishe su, ba wadda ta kira sunansa.

A bangon kantin hotonsa na nan, fuska tana ta murmushi, amma an manna baƙin tef a kan sunan. Rediyon gari na ciki yana sa waƙarsa, da ta ƙare mai gabatarwa ya ce, "Waƙar wani ɗan garin nan ce," ya wuce. Cedric ya yi tsaki. Hassada ce, ya ce a ransa. Mutum in ya yi kuɗi, ko tari ka yi kusa da shi sai ya ce hassada ce.

Sai tsoho Toby mai kantin ya ɗago, ya ce a hankali, "Sannu da hanya, Kumanjayi."

Kowane yaro a garin ya san wannan kalma. In mutum ya rasu ana rufe sunansa shekaru, ba mai furta shi, duk mai irin sunan kuma Kumanjayi ake ce masa. To amma garin mutum ɗari uku ne, kuma a iya saninsa, tun da aka kafa shi Cedric ɗaya aka taɓa yi.

Ya tuna surin gara, da ƙarar da motar ta yi, da ɗan lokacin da bai san inda kansa yake ba. Ko shi ne ya mutu bai sani ba? Ya dafa ƙirjinsa. Ya fito rana ya nemi inuwarsa, tana nan, amma tsoro bai sake shi ba.

Ya sauke keken, ya tura shi zuwa gidan da suka zauna da Valda. Ƙofa a buɗe, ɗakuna wayam. An share tsakar gidan da rassan itace, bango na ƙamshin hayaƙin ganye, yadda ake yi wa gidan da aka yi rashi. Karnukan maƙwabta suka bi shi da ido, ko ɗaya bai yi haushi ba.

A bayan gari ya same ta, zaune ƙarƙashin rumfar tamfol. An aske gashin nan nata mai tsawo, goshinta da farar ƙasa. Takaba take yi mini, ya ce a ransa.

"Valda," ya ce, "kina ganina?"

"Ina ganinka."

Ya sauke ajiyar zuciya, har ya kusa yin dariya. "To wa ya rasu? Ai ni kaɗai ne mai sunan nan a garin."

Ba shi ta kalla ba. Jan keken ta kalla, da ƙararrawarsa da ledar da ba a ko cire daga sirdin ba, ta daɗe tana kallo.

"Ƙarya na yi maka a waya," ta ce. "Sunanka na sa masa."