Matattun Batura

Duk uban da ke ganin dabararsa za ta tsare masa ɗa, ya tsaya ya ji abin da na jawo wa kaina.

Ƙanena ya aiko wa ɗana Rayan, ɗan shekara bakwai, motar wasa mai rimot daga Jidda. Gidanmu kuwa a bakin tur'a yake, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Duk inda motar ta nufa, yaron yana binta a guje. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Ran kasuwar garin Hajj Abdalla na je shagon Sadisu. Ya baje mini batura.

"Ga masu ƙarko, ga masu araha. Wanne za a ba ka, ya Haj?"

"Matattu nake so."

Ya tuntsire da dariya. "Wallahi yau na ga mai sayen gawa! Ɗauki kyauta."

Na sa su cikin motar a ɓoye, ta ƙi motsi. Rayan ya shanya baturan a rana, ya ciccije su, shiru.

"Baba, a ina ake samun sababbi?"

"Sai kasuwa, kuma da nisa," na ce.

Washegari na dawo daga gona, babu shi.

Mun bi tur'a muna lalube da gora, ba mu samu komai ba. Can a bakin titin kasuwa, nesa da ruwa, aka tsinci motar da rimot ɗinta. Na danna, ta zabura. Sababbin batura ne a ciki, alhali yaron ba shi da kuɗi.

Sadisu ya rantse bai gan shi ba. Har yau ba mu san wanda ya saya masa su ba, ba mu kuma san inda ya kai shi ba.