Rigar Filon Matuƙin Jirgi

Tun da aka fito da rigar filo mai riƙe mafarki, duk wanda ya wanke ta shi ke yin mafarkin wanda ya kwana a kanta.

Ranar Talata da safe Mudi ya faɗo gidan saukar baƙinsa na unguwar Malali yana haki. Baƙon jiya matuƙin jirgin sama ne. Ya tarar Iya Tabawa, mai yi masa shara da wanki, ta riga ta cire rigar filon.

"Iya, ajiye! Daga yau ni zan riƙa gyara ɗakunana. A mafarkin baƙi kin ga teku, kin yi ɗawafi sau tara, ni ko Legas ban sani ba. Yau sai cikin gajimare!"

"Wato aikina ya ƙare ke nan, ɗan nan?"

"Ai kin more! Shekara shida ban taɓa jin kin yi mummunan mafarki ba."

"Mudi, a gidanku faɗin mummunan mafarki ake yi?"

Ta miƙa masa rigar. Sai a lokacin ya lura idanunta sun faɗa, irin na wadda ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba.

Ya karɓa a hankali.

"Ci gaba da shararki, Iya. Wankin kuma daga yau nawa ne, ki samu ki yi barci."