Lambar Faransa

"Naɗe hannun riga." Da haka aka tari Uwaisu a bakin tashar Jibiya, tayar da ya gama faci tana rataye a kafaɗarsa. Ya naɗe yana dariya. Kafin uwarsa Rabi ta tsame ƙosan da ke cikin mai, an riga an cilla shi bayan wata babbar mota, wadda aka ce sai ta cika za ta tashi, a juye su a ƙetaren iyaka.

Shekarar zaɓe ce, soja na shirin miƙa mulki, kowa a garin ya zama masanin duniya. A rumfar mai shayi malamin firamare yakan tura tabarau sama da yatsa, ya ce arzikin fetur namu ne, don me maƙwabta za su riƙa shanye shi a durom-durom? Direbobi su ce a rufe iyakar a gani, in ya so a dafa wa yara kwalta. Wani tsoho kullum maganarsa ɗaya ce, ƙasar da ke sayo shinkafa daga bayan teku ba ta da bakin yi wa kowa gori. A ƙarshe dai duk a faɗa rami guda: baƙi za su jefa ƙuri'a.

Alhaji Lado ne ya kawo maganin abin. Ɗan takara ne, mai gidan mai, ana ce masa Dakta, ko da yake ba wanda ya damu ya tambayi dalili. Ya hau duro ya ce ba sai an yi rantsuwa ba, allurar agana ba ta ƙarya. Turawan Ingila kusa da kafaɗa suke yin lamba, na Faransa kuwa ƙasan gwiwar hannu. Washegari samarinsa suka tsare ƙofar tasha.

Lambar Uwaisu a ƙasan gwiwa take.

Rabi ta leƙa motar. Ta zaci za ta ga 'yan dakon Maraɗi, masu "mushe, mushe" na gaisuwar Faransanci a baki, waɗanda ke mirgina wa Alhaji duromomi. Ga su can suna aikinsu, ba wanda ya ce su naɗe komai. Waɗanda ke cikin motar yaran ƙauyensu ne, Tsamiyar Kura, sa'o'in ɗanta, tana iya kiran sunan uwar kowanne. Ƙauye ne da ya kafa tutar jam'iyyar da ke hamayya da ta Alhaji tun daga bakin rijiya har masallaci.

Ta yi wa samarin bayani har muryarta ta dushe. Shekarar da agana ta shigo, tana goyon Uwaisu, wani saurayi malamin lamba ya zo ƙauyen a kan keke, akwatinsa a ɗaure bai ko kwance ba, ya ce magani ya ƙare, su tsallaka iyaka zuwa garin Ɗan Isa, can Turawan Faransa na yi kyauta. Matan ƙauyen suka ɗauki 'ya'yansu suka tafi da ƙafa. Ita ba a yi mata ba, ciwon ya riga ya yi mata tasa lambar a fuska tun tana yarinya.

Babban cikin samarin ya saurara yana sakace. Ya ce labari ne mai daɗi, amma shi hannu aka ce ya duba.

Ta bar kaskon a wuta ta nufi gidan Alhaji. Bana ne aka ce su ma mata za su yi zaɓe, katinta na ƙulle a bakin zane, ta yi niyyar in ta kama ta ajiye masa shi a gabansa. Ta same shi a zaure yana duba wani yaro da aka kawo ana gardama a kansa. Ya juya hannun yaron, ya ja fatar da babban yatsa, kallo ɗaya ya ce wannan miki ne ba lamba ba, a sake shi. Mutumin kirki, in ji 'yan zaure.

Rabi ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, ɗiyan Tsamiyar Kura ne aka kwashe. Cibiyar ɗana na nan bisne bayan ɗakina."

Ya yi salati a hankali, har da girgiza kai. Ya ce ai ya san Tsamiyar Kura, mutanen kirki, ga rijiyar nan mai zurfi a gindin itacen. Sai dai in ya ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, me zai gaya wa sauran? Ta yi haƙuri, a gama zaɓe, shi da kansa zai sa a duba maganarsu. Ta ɗan yi mamaki, don tun da aka fara yawon neman ƙuri'a motarsa ba ta taɓa shiga ƙauyen ba.

Daga tasha aka ji ƙarar inji. Ta miƙe, ya rako ta har bakin ƙofa, abin da bai saba yi wa kowa ba. Motar ta zo ta wuce, hannuwa sun fito ta tsakanin katako, ba ta gane wanne ne na Uwaisu ba.

"Kada ki damu, baiwar Allah," in ji Alhaji. "Ɗan Isa ce fa, ga ta nan, ba nisa."

Ya ɗaga hannu ya nuna arewa. Rabi ba ta dubi arewa ba, yatsan ta tsura wa ido, guntu, babu gaɓar ƙarshe. Da shi ne, da waɗannan kalmomi, saurayin nan mai keke ya nuna musu hanya.