Farin Wuya a Cikin Shinkafa

Da ya buɗe akwati bai ga rigar ba, zuciyarsa ta tafi kai tsaye kan maƙwabcin gonarsa. Mutumin ya daɗe yana kwaɗayin filin nan na bakin kanal ɗin ban ruwa.

Rigar ƙwallon Nijeriya ce, koriya shar, mai farin wuya da mikiya a ƙirji. Ɗansu na fari ya sayo ta a Kano shekarar da aka ci kofin Afirka, kafin ruwan babban kanal ya tafi da shi.

Ga shi yanzu masu ban ruwa suna ta raɗe-raɗi, wai suna hango farin wuya tsaye cikin shinkafarsa, babu gangar jiki.

"Wani ne ke son ya tsorata mu mu bar gonar," ya ce wa matarsa. "Wa ya shigo ɗakin nan?"

"Ban ga kowa ba, Malam."

Ta ci gaba da tankaɗe. Ko a zaman makoki haka take. Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta yi kuka ba, balle ta ambaci sunansa.

Gari na wayewa ya ɗauki gora, ya bi bakin kanal, ya laɓe.

Ashe mutum-mutumin korar tsuntsaye ne aka sa wa rigar. Koren ya saje da shinkafa, farin wuyan kaɗai ke fita. Matarsa ce tsaye a gabansa, tana gyara masa kafaɗa, tana kakkaɓe masa raɓa.

Sai ya ji ta kira sunan a hankali, har sau biyu. Shekara ashirin da uku bai taɓa jinsa a bakinta ba.

Ya ja da baya sannu, don kada ta gan shi.