Sararin Wuyan Kwanso

Kai da ba ka iya barin abu sai ka matse shi, zauna ka ji.

An yi wani maharbi da ya gaji bindigar ubansa. A ƙauyensu harsashi sabo sai an je birni, don haka yakan tsince kwanson harsashin da ya harba, ya kai wa wani tsohon maƙeri ya sake cika masa. Tsohon nan kuwa, kafin ya ɗora dalma, sai ya bi wuyan kwanson da magagari a hankali, ya rage masa kauri, har ya zauna a maƙogwaron bindiga da ɗan sarari kamar silin gashi. Yakan ce tagulla ma tana numfashi. In wuta ta tashi, dole wuya ya buɗe kafin ya saki abin da ya riƙe.

Maharbin ba ya kuskure, amma akwai wata barewa mai farin goshi da ke saukowa fadama da sassafe. Ta shiga ransa. Ko yana zaune a gindin tsamiya da rana tsaka, lumshe ido kawai zai yi ya gan ta tsaye cikin raɓa, tururi na tashi daga bayanta. Sai ya fara zargin ɗan sararin nan, wai ta nan sa'a za ta zurare. Ya zaɓo kwanso mai kaurin wuya, ya hana a taɓa shi da magagari. Tsoho ya ƙi cikawa, ya ce, "Ɗana, abin da ba shi da wurin buɗewa zai nemi wuri da kansa." Gogan naka ya koma gida ya cika abinsa, ya danna shi cikin bindiga da tafin hannu, ya ji ya zauna daram, ransa ya yi fari.

Washegari barewa ta sauko. Ya saita, ya ja kunama. Da hayaƙi ya washe, ƙota ce kawai a hannunsa, bindigar ubansa ta tsage kamar kara. Kunnuwansa suka ɗauke, duniya ta yi tsit. Cikin shirun nan ya ga barewar ta tsallake rafi, farin goshinta na nisa har ya ɓace a cikin ciyawa. Ya zauna a raɓa ya yi kuka, shi da bai yi kuka ba ranar da aka binne ubansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.