Kwabon da Aka Kawo Daga Libiya

Fourera ta kwance bakin gyalenta, ta ɗora kwabon a kan gilashin kantin. Na tagulla ne, ya yi kore-kore, gefensa ɗaya a ɓantare.

Shekara uku ke nan da Hassoumi, aminin mijinta, ya kawo mata shi har gida a Damagaram, tare da agogo da hula. Ya ce mijin nata, Soumaïla, ya tsince shi a wani kango a Libiya, kwana biyu kafin jirgin ruwansu ya kife. Ba a ga gawa ba. Ta yi takaba. Maza biyu sun fito neman aurenta, ta ce a bar ta da marainiyarta.

Da ta ci cacar bizar Amurka a 2006, ta ce Greensboro za ta, wajen yayarta. Hassoumi ya yi ta bugo waya yana cewa garin ba aiki, gara ta nufi New York. Ba ta ji ba. Ta sami aikin gyaran ɗakuna a wani otal. A wajen suna ko biki, takan lura wasu mazan Nijar na gaishe ta a gurguje, idonsu a ƙasa. Ta ɗauka tausayi ne.

'Yarta Ibtissam ce ta matsa. A makaranta an ce kowa ya zo da wani abu na mahaifinsa, ya yi bayani. "Mama, wane ne wannan mutumin da ke jiki?" Fourera ba ta sani ba. Shi ya sa ranar hutunta ta hau bas zuwa wani kantin tsoffin kuɗi a titin High Point Road.

Mai kantin, wani dattijon Bature mai suna Sylvanus, ya kunna fitila, ya kanga gilashi a ido. Ya yi mata Turanci a hankali don ta gane. Na Rumawa ne, ya ce, ba jabu ba. Mai gemun nan sarki ne, Maksimiyanus. Matar da ke baya riƙe da 'ya'yan itace tana wakiltar birnin Kartaj, inda aka buga shi shekara wajen dubu da ɗari bakwai da suka wuce, a ƙasar da ake kira Tunisiya yau.

Maƙwabciyar Libiya. Idonta ya cika. Ta hango Soumaïla ya sunkuya cikin yashi, ya goge shi da bakin riga, yana tunaninsu.

Amma dattijon bai miƙo mata ba. Ya sake juya shi, ya shafa ɓantaren da babban yatsa.

"A ina kika ce an samo shi?"

Ta ba shi labarin duka. Ta ma ciro hoton aurensu daga jaka, don ya ga fuskar mamacin.

Sylvanus ya daɗe yana kallon hoton. Ya cire tabarau, ya jawo mata kujera, ya ce ta zauna.

"Kwabon nan ya shekara goma a cikin wannan akwatin," ya ce. "Ni na yar da shi ya ɓantare, ni kuma na sayar wa angon nan da ke cikin hoton. Makanikena ne. Bara ya kwashe matarsa da ɗansa suka koma Ohio."